Na Kai Tatsuniya London, Dare Ya Ƙi Yi

Zariya zuwa Abuja

A ɗaki na yi sallar asubata, na ja ƙofa, na miƙa wa maƙwabciyata makulli ta kan katanga. Malam Sale, direban da ya saba kai ni asibiti, yana ƙofar gida tun kiran farko. Ya ɗaga jakata ya ce, "Hajiya, duwatsu za ki kai musu?" Na ce kuka ce da daddawa da busasshiyar kuɓewa, in ya ga dama ya buɗe ya duba.

Abin da ya fi jakar nauyi a raina yake. Ɗana na uku, Nasiru, likita ne a London, kuma 'yarsa ta fari sunana aka sa mata. Iyayenta Ummi suke ce mata, ni kuwa takwara. Sau ɗaya tak aka taɓa kawo mini ita Zariya, tana ƙarama, kuma a cinyata take barci kullum ina mata tatsuniya a tsakar gida. Akwai wata ta matar da ke zuwa ɗiban wuta, wadda na ce mata ta yi ƙanƙanta da ji. Yanzu ta zama budurwa, amma ba ta manta ba. Da biza ta fito, ta karɓi wayar ubanta ta ce da Turanci, "Iya, ki taho mini da ta mai wutar nan." Ga shi gwiwoyina sun fara gardama, ban san ko zan ƙara hawa jirgi bayan wannan ba. Tatsuniyar nan na ɗauko zan kai, sauran duk rakiya ne.

A shingen da ke bayan Jaji jami'i ya leƙo, ya ga tsohuwa da carbi, ya ce mu wuce. Da hantsi muka isa tashar jirgin ƙasa ta Rigasa, na sallami Malam Sale, na sayi ƙosai mai zafi na shiga. Har Abuja ina bitar tatsuniyata a zuci, inda zan rage murya da inda zan yi shiru. Shekaru na yi ina shugabar makarantar firamare, na san yadda ake kama kunnen yaro.

Sauka a Heathrow

Ban runtsa a jirgin sama ba. Abincin da aka kawo shinkafa ce ba gishiri ba yaji, na ci don kada a ce ban gode ba. A wurin duba fasfo, matar ta tambaye ni abin da ya kawo ni, na ce jikata, ta yi murmushi ta buga hatimi.

Nasiru da matarsa Rukayya suna bakin fita, suka durƙusa a gaban Turawa ba kunya, na ji daɗin wannan. Ummi ta rungume ni da hannu ɗaya. Ɗaya hannun yana riƙe da wani littafi mai baƙin bango, ta sa yatsa a tsakiyarsa don kada shafin ya ɓace mata. Tun daga nan na sa masa ido.

Muka shiga jirgin ƙasan da suke kira Elizabeth line, wanda ke tafiya tun daga filin jirgin har unguwarsu, Abbey Wood, ba sai an sauya ba. Tafiyar ta kai awa guda. Na yi tsammanin yarinya za ta ishe ni da tambaya. Ta tambayi lafiyata, ta tambayi akuyar da ta sani, wadda aka yanka tun tuni, sai ta buɗe littafinta. Na tambayi Rukayya ko na jarrabawa ne.

"Da farko a makaranta aka ba su, Hajiya," in ji ta. "An gama da shi tun bara. Wannan karatu na nawa ne ma, ni dai na daina lissafi."

Nasiru ya ce tsohon littafin ban tsoro ne, wanda ya rubuta shi ya mutu tun kafin a haifi kakana, amma har yau ana bugawa, ana yin fim, ana wasan kwaikwayo da shi. Na ce to madalla, na juya ina kallon taga.

Abbey Wood

Gidansu flat ne a hawa na biyu, ɗakuna ƙanana, tsaf-tsaf. Rukayya ta yi mini tuwon semo da miyar kukar da na kawo. Muna gama ci Ummi ta jawo matashi ta zauna a gabana ta ce, "Iya, tatsuniya." Kalmar ta fito da Hausa sosai, har na ji sanyi a raina.

Na duba taga, rana tar a kan rufin maƙwabta. Na ce, "Takwara, ba a tatsuniya da rana. Bari dare ya yi."

Ta ce me ya sa. Na ce haka muka taso, wanda ya yi ta da rana ɓata yake yi a kasuwa. Nasiru ya yi dariya ya ce, "Iya, nan fa bazara ce, agogo ya wuce bakwai." Na ce agogonsu ya wuce ko nawa ne, ni da rana nake magana. Uwata ba ta taɓa yi da rana ba, ni ma ban taɓa ba, ko a aji yara suka roƙe ni sai dai in karanta musu abin da ke cikin littafi.

Muka zauna jiran dare. Takwas ta yi, rana na nan. Tara ta yi, yara na buga ƙwallo a ƙasan bene. Rukayya ta ce, "Ummi, gobe akwai jarrabawa," dokar gidan ke nan, tara ta yi a kwanta. Yarinya ta ɗauki baƙin littafinta ta shige ɗaki. Sai bayan ta rufe ƙofa aka yi magariba.

Haka aka yi washegari, haka aka yi jibi. Ga asuba tun wajen ƙarfe uku take shigowa, mutum bai gama juyi ba an ce tashi. Ranar Asabar Rukayya ta ɗage doka saboda ni. Na yi wanka, na sha shayi mai kauri, na zauna a kujera ina jiran duhu kamar mai jiran baƙo. Ban farka ba sai da Nasiru ya taɓa ni ya ce in yi magariba da lisha in kwanta. An ce Ummi ta zauna a gabana har ta gaji. Daga ranar ba ta ƙara cewa "tatsuniya" ba.

Ni dai ba zan ɓoye muku ba, kishi na yi, kishi mai zafi, da tsufana da furfurata, da wani Bature marubuci da ƙasa ta cinye tuntuni. Shi ba ya jiran dare. A jirgi yana nan, a teburin cin abinci yana nan, har ƙarƙashin filo yake kwana. Ni da na ƙetare hamada da teku sai a ce mini "sannu Iya" a wuce.

Ran nan da kowa ya fita, na ga Ummi ta manta littafin a kan kujera. Na sa tabarau na ɗauka da yatsu biyu, da niyyar in gano aibinsa in gaya mata. Labarin wani tsohon gida ne mai ɗakuna a rufe, da wani abu da ya mutu amma ya ƙi kwanciya. Turancin tsoho ne, mai jan magana, na yi tsaki na ce ai ga shi nan. Ban ankara ba sai ƙaurin waken da na ɗora ya cika gidan. Mutumin nan ya iya. Ba ya nuna maka abin gaba ɗaya, sai ya nuna maka ƙofar da aka bari a rufe an tarar a buɗe, ya bar ka da zuciyarka ta ƙarasa aikin. Dabarar da uwata take yi ke nan, ita ce kuma tawa. Da na tarar da shirme da na huce. Da na tarar gwani ne sai abin ya ƙara ci na, na mayar da littafin daidai yadda na same shi, na kankare tukunya ban gaya wa kowa ba.

Stratford

Rukayya ta kai ni sayen tsaraba a Stratford, wata kasuwa ce hawa-hawa da gilashi ko'ina, kowane lungu kamar ɗan'uwansa. Tsada kam ba a magana, na riƙa ɗaga kaya ina ajiyewa. Na tsaya duba wani mayafi, na ɗago ban ga Rukayya ba. Na bi nan, na bi can, matakalar da ke tafiya da kanta ta kai ni inda ban nufa ba. Wata 'yar Gana mai sayar da turare ta ji ina salati ta ce da Hausarsu ta Gana, "Mama, ka ɓata ne?" Ita ta kira mini Rukayya a waya, ta ba ni kujera.

Da muka dawo Nasiru ya ji labari, ya ce, "Iya, ko dai kin yi tatsuniya da rana ne a ɓoye?" Kowa ya yi dariya har da Ummi. Ni ban yi ba. Na kiyaye doka sarai, ga shi na ɓata a kasuwa, tatsuniyata kuma tana nan a cikina ba wanda ya ji.

Tsohuwar maƙabarta

Da aka gama jarrabawa, Ummi ta ce ladanta shi ne a kai ta wata tsohuwar maƙabarta a arewacin birnin, inda ake zagayawa da mutane ana ba su labarin irin littafinta. Nasiru ya ce ya yi booking, ya kama wuri har da ni. Na ce mu a gida mata ba sa zuwa maƙabarta, balle yawon buɗe ido. Ummi ta ce, "Please, Iya." Na ɗauki mayafina, don ina son in ga abin da ya fi ni.

Jirgi biyu muka hau da bas ɗaya, sannan hawan tudu da ya gasa mini gwiwa. A bakin ƙofa na ga layi kamar na asibiti: tsofaffi, 'yan makaranta, Indiyawa, 'yan China, da wasu samari da 'yan mata cikin baƙaƙen kaya sun rambaɗa kwalli har kunne. Da yawansu da littafin nan a hannu, kowa da irin bangonsa. Ciki kuwa itatuwa sun rufe sama, saiwoyi sun tsaga kaburbura, gumakan dutse sun karkace.

Mai zagayawa da mu wani dogon mutum ne mai laushin murya. Tsakar rana, ido na ganin ido, ya tsaya gaban wata ƙofar ƙarfe yana ba da labari, ya rage murya daidai inda ni ma zan rage. Na dubi Ummi. Bakinta a buɗe, idonta ko ƙiftawa ba ya yi, ta dafe ƙirji da littafin. Fuskar nan na sani, ita ce take yi mini a cinyata a Zariya, ita na biyo tun daga gida. Ga ta an ba wani ƙato a banza, a gabana. Na ce gwiwata ta gaji, na koma kan wani benci.

Wata tsohuwar Baturiya tana zaune a can da sandarta, ita ma da littafin, nata har ya yi ja don tsufa. Na ce mata da Turancina na aji, "Ku kuwa me kuke samu a cikin abin nan?"

Ta yi dariya. Ta ce tana yarinya ta karanta don ta ji tsoro a cikin bargo, ta san in ta rufe shi ya ƙare. Da ta girma ta karanta ta ga ashe labarin baƙo ne da kowa ke gudunsa. Sai ta shafa bangon ta ce bara mijinta ya mutu, ta sake ɗaukowa. "Kullum ina so ya turo ƙofa ya shigo," in ji ta. "Kuma na san in ya shigo zan mutu don tsoro. Ba wanda ya faɗi wannan sai littafin nan."

Maganar ta taɓa ni, don ni ma tun da maigidana ya rasu ban kawar da takalmansa daga bakin ƙofa ba. Na ce mata mu ma muna da irin waɗannan labaran, har sun fi wannan. Ta ce a ina za ta saya. Na nuna ƙirjina. Ta ce, "To ki yi sauri ki ba wani."

A bas na tambayi Ummi ita me take so a ciki. Ta ce a makaranta tsoro iri-iri ne kuma ba ka isa ka faɗa ba, wannan kuwa tsoro ne da kai ka zaɓa, yana zuwa lokacin da ka kira shi. Ta ɗan dube ni ta ƙara da cewa, "Ba ya cewa sai anjima." 

Hanyar komawa

Ranar tafiyata ta zo ban yi tatsuniya ba. Bayan azahar muka fito, rana ƙwal, Nasiru na jan jaka, Rukayya ta yi mini sallama a ƙofa tana hawaye. Ummi ta ce za ta raka ni, da baƙin littafinta a hannu kamar kullum. Na zauna a jirgi raina a jagule. Na ɗauko abu tun daga Zariya zan mayar da shi Zariya, wataƙila kuma har kabari.

Jirgi ya tashi daga Abbey Wood, ya nutsa ƙasa ya ɗan fito, sannan ya sake nutsawa, nutsawa mai tsawo. Tagogi suka yi baƙi ƙirin, ba ka ganin komai sai fuskarka. Ummi ta dubi taga, ta dube ni, ta taɓa gwiwata.

"Iya," ta ce da Hausarta mai tsami, "dare ya yi."

Na dubi Nasiru, ya kawar da kai yana danne dariya. Na san ba dare ba ne. Amma na duba hagu na duba dama, ban ga rana ba. Na gyara mayafi na ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Uban ya raɗa mata amsa, ta ce, "Ta zo mu ji ta."

Na ba ta labarin gidan da ke ƙarshen gari, inda wata yarinya take zaune da kakarta. Kullum da magariba sai wata mata mai lulluɓi ta yi sallama ta ce a sam mata wuta. Kakar ba ta gani sosai, sai ta ce wa yarinya ta ɗebo mata. Ran nan yarinya ta lura matar ba ta zuwa da kasko ko tsingaro, a tafin hannu take karɓar garwashi, ta rufe, ta yi godiya. Ta ce, "Baba, ba ya ƙona ki?" Matar ta ce, "Inda nake akwai sanyi."

Ina haɗawa da Turanci inda na ga ta ɓace, in koma Hausa inda Turanci ba zai iya ba. Tasha ta zo ta wuce, mutane na shiga suna fita, ban san da su ba. Yarinya ta bi matar a baya, ta wuce rijiya, ta wuce gonar ƙarshe, har bakin kushewa. Matar ta tsaya ba ta juyo ba, ta miƙo hannu baya ta ce, "Tunda kin biyo ni, riƙe mini."

Daidai nan jirgi ya fito daga ƙasa bayan tashar Paddington. Rana ta watso cikin taragon har na rufe ido. Bakina ya tsaya da kansa.

Ummi ta damƙe wuyan hannuna da hannu biyu. "Sai me, Iya? Sai me ya faru?"

Hannu biyu. Na duba ƙasa, ga baƙin littafin ya zame ya faɗi kusa da takalmin wani fasinja, ita ko ta sani. Ga fuskar nan da na biyo, tawa ce ni kaɗai. Na ga littafin a yashe kuma ban gaya mata ba, sai da na ƙare masa kallo son raina. Sannan na ce a zuciyata, Inna ki yafe mini, kasuwar ma na riga na ɓata a cikinta. Na ci gaba da rana tsaka, har aka kai inda yarinya ta gane muryar wadda ke cikin lulluɓin. Ba zan faɗa muku ƙarshen a nan ba, na takwarata ne. Muna shiga Heathrow na ce ƙurunƙus, tana share ido da bakin mayafina. Nasiru ne ya tsinci littafin.

Gida

Na kwana a sama, na sauka Abuja da safe, jirgin ƙasa ya kawo ni Rigasa, Malam Sale yana jira. Ya ɗaga jaka ya ce wannan karon ba nauyi. Na ce na sauke abin da na kai. Na shiga Zariya da la'asar, ban ɓata ko'ina ba. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Nasiru da Rukayya da suka riƙe ni kamar ƙwai, da 'yar Ganar nan mai turare, da tsohuwar benci da ban tambayi sunanta ba.

Kwana biyu da dawowata, na idar da magariba ina tsakar gida, waya ta yi ƙara. Ummi ce a hoto, bayanta taga, rana tar a kan rufin maƙwabta. Na hango baƙin littafin a kan gadonta, a kife, an sa alama a tsakiya. Har yanzu yana nan, kuma har yanzu ba na ƙaunarsa.

Ta ce, "Iya, a wurinki dare ya yi?"

Na ɗaga wayar sama na nuna mata taurarin Zariya. Ta ture littafin gefe, ta jawo filo.